A Tayar da Injin a Saurara: Maganar Rabi'u Pele

Duk wanda ya taɓa raka bakanike kasuwar Ƙofar Ruwa neman injin mota ya san ba a buɗe ciniki da tambayar shekarar da aka ƙera shi. Mai shago zai nuna maka injina jere a ƙasa, wasu 'yan Beljiyam da ba su daɗe da sauka ba, wasu kuma an ciro su daga motocin da suka gama cin hanyar Katsina da ta Zariya. Bakaniken kirki ba ya ruɗuwa da wankin da aka yi wa inji, don ya san fetur da buroshi suna mayar da tsoho yaro a ido. Sai ya tsuguna ya kwance filogi ya duba bakinsa, ya zaro sandar gwada baƙin mai ya murza a yatsa, sannan ya ce a kawo batir a jona. Da injin ya tashi, kowa sai ya yi tsit. Da kunne ake sayen inji a Ƙofar Ruwa. Akwai ƙarar lafiya, akwai ƙarar da ke gaya maka ciwo yana ciki, kuma hayaƙin da ya fito shuɗi-shuɗi ya riga ya tona cewa ringi ya cinye, injin yana shan mai. Bayan an gama wannan duka sai a zo kan tambayar da ke yanke farashi: a wace mota za a ɗora shi, kuma wane aiki za ta yi? Injin da zai yi wa malamin makaranta shekara biyar tsakanin Gwammaja da wurin aikinsa, ba lallai ya yi wa direban haya wata shida a hanyar Legas ba.

Abin da ya sa na fara da wannan shi ne gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a bakin shagunan nan, a teburin mai shayi da gidajen kallo, a kan kyaftin ɗin Kano Pillars, Rabi'u Ali, wanda duk Kano ta sani da Pele. An haife shi ranar 27 ga Satumba, 1980. Ke nan ya girmi ƙungiyar da yake bugawa da shekara 10, domin a 1990 aka kafa Pillars, lokacin da aka haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Cikin yaran da yake shiga fili da su akwai waɗanda zai haifa.

Masu gardamar sun kasu gida biyu. Ɓangare ɗaya na cewa, "Haba, ai ya isa haka, a bar wa yara." Ɗaya ɓangaren kuma ko a mafarki ba ya son a taɓa shi: "Pele ne Pillars, ranar da ya ajiye takalmi mun daina zuwa Ƙofar Mata." Na saurari kowane ɓangare, kuma abin da ke damuna shi ne mutanen da suka ƙware wajen auna inji da kunne, idan aka zo kan ƙwallo sai su ajiye gwanintarsu a shago. Na farko sun tsaya a kan takardar haihuwa. Na biyu sun tsaya a kan ƙauna. Babu wanda ya ce a jona batir a ji. Na san mutum ba ƙarfe ba ne, kuma zan dawo kan wannan, don a nan ne maganar ta fi yi mini nauyi. Amma a fara da aunawa.

Tarihinsa ba abin musu ba ne. Yana cikin tawagar da ta ci gasar Firimiyar Najeriya sau uku a jere, 2012 da 2013 ƙarƙashin Baba Ganaru, sai 2014 ƙarƙashin Okey Emordi. Yana cikin mutanen da suka mayar da filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata gidan da baƙo ba ya fita da dariya, shekara 12 ba a doke Pillars a gida a gasar lig ba, har sai da Nasarawa United ta karya wannan tarihi a Agustan 2015. A 2019 kuma, a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, Pillars ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti ta ɗauki Kofin Ƙalubale a karon farko a tarihinta, Ibrahim Musa Jugunu yana koci.

Ni dai wasan da ba ya barin raina shi ne na Cape Town a Janairun 2014, a gasar CHAN ta 'yan wasan da ke buga ƙwallo a gida. Maroko ta zura wa Najeriya uku kafin a tafi hutun rabin lokaci. Da yawa sun tashi daga gidan kallo sun kama gabansu. Aka dawo, Ugonna Uzochukwu ya farke ɗaya, Rabi'u Ali ya ƙara ta biyu, Ejike Uzoenyi ya rama ta uku ana dab da tashi, aka tafi ƙarin lokaci Najeriya ta ci 4-3. Kafin wannan wasan ya riga ya ci Mozambik biyu a matakin rukuni. Tawagar marigayi Stephen Keshi ta dawo gida da tagulla. A lura da wani abu: a wannan gasar shekarunsa 33. A lissafin Turai, ɗan wasan tsakiya mai 33 ya fara haɗa kayansa. Shi kuwa a lokacin ne ƙasa ta fara saninsa sosai. Bayan shekara huɗu, yana da 37, aka sake tafiya da shi CHAN a Maroko ƙarƙashin koci Salisu Yusuf, har suka kai wasan ƙarshe, inda masu masaukin baƙi suka ci su 4-0.

Amma tarihi ba ya buga wasan ranar Lahadi. Idan da tarihi ake sa mutum a fili, da har yau Ahmed Garba Yaro Yaro yana cikin sha ɗayan farko. Tambayar ita ce me Rabi'u yake iya yi yanzu, kuma me ba ya iya yi.

Wasansa tun asali bai dogara da gudu ba. Wannan ne sirrin daɗewarsa, kuma masu cewa ya tsufa sukan tsallake shi. Ɗan wasan gefe da ke cin abinci da saurin ƙafa, ranar da taki ɗaya ya ragu masa, ranar kasuwarsa ta watse. Shi kuwa mai riƙe tsakiya irin Rabi'u jarinsa ido ne da lissafi: kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya waiga ya san inda za ta tafi. Taɓawa ɗaya, biyu, ta wuce. Ga bugun tazara, ga kwana, ga fenareti. Waɗannan ba sa tsufa da wuri, don maimaici ne ke gina su, ba jini a jika ba. A gasarmu kuwa, inda wasanni da yawa ke ƙarewa 1-0 ko 2-1, inda filaye marasa kyau ke hana a tsara ƙwallo daga baya zuwa gaba, ƙwallon da aka ajiye aka buga ita ce sau da yawa ke raba gardama. Mutumin da zai tsaya a kan fenareti a minti na 88, filin Sani Abacha ya cika maƙil, mutane sun miƙe tsaye, ƙungiya tana neman maki uku ido rufe, ya buga ba tare da ƙafarsa ta yi rawa ba, ba a samun irinsa a kowane lungu. A kakar 2024/2025, yana da shekara 44, yana cikin waɗanda suka riƙa ci wa Pillars ƙwallaye, kafaɗa da kafaɗa da Ahmed Musa da ya dawo gida a Oktoban 2024. Injin ya tashi, kuma ƙararsa ba ta mai ciwo ba ce.

Akwai kuma abin da ba ya shiga takardar ƙididdiga. Da Pillars ta faɗa gasar 'yan dagaji a 2022, abin da ya girgiza Kano, bai tattara ya nemi wata ƙungiya ba. Ya sauka da ita, ya hau da ita a 2023. Ƙungiyar gwamnati irin Pillars tana canza koci da shugabanni yadda ake canza riga. Gwamnati ta sauya, hukumar gudanarwa ta sauya, 'yan wasa su zo kaka ɗaya su wuce Aba ko Fatakwal ko Sudan. A irin wannan gida dole a sami mutum guda da zai gaya wa yaron da aka ɗauko jiya abin da rigar nan take nufi, ya kwantar masa da hankali idan albashi ya yi jinkiri, ya tsaya tsakaninsa da fushin 'yan kallo ranar da ya ɓarar da ƙwallo a gaban raga. Wannan aiki ne, kuma yana da daraja, ko da ba a rubuta shi a kwantiragi ba.

Yanzu kuma hayaƙin, don ba zan yi wa masoyansa ƙarya ba.

Ƙwallon zamani tana neman kowa ya yi tsaro. Idan abokan hamayya suka karɓe ƙwallo, ana so mai buga tsakiya ya bi, ya matsa, ya toshe hanya, ya koma baya da gudu. Mai shekara 45 ba zai yi wannan na minti 90 ba, ko wane ne shi. Idan bai yi ba, wani ne zai yi masa, ma'ana 'yan tsakiya biyu za su ɗauki gudun mutum uku. A gida, inda Pillars ke riƙe ƙwallo, baƙi kuma sun koma sun tare ƙofar ragarsu, wannan bashi ne da ake iya biya, don abin da ake buƙata a ranar shi ne mai buɗe ƙofa. A waje fa? A Ikenne ko Enugu ko Uyo, inda masu gida ke zuwa kamar ambaliya tun daga busar farko, giɓin da ya bari a tsakiya yana fitowa fili. Sannan ga tsarin gasar kanta: ƙungiyoyi 20, wasa 38 a kaka, wani lokaci Lahadi da Laraba, tafiya mafi yawa a mota. Daga Kano zuwa Fatakwal ya haura kilomita 1,000. Matashi zai kwana a kujerar bas ya sauka ya miƙe ƙafa ya warware. Jikin da ya haura arba'in yana neman kwana biyu ko uku kafin ya dawo daidai. Ga ciyawar roba a filaye da dama, mai cin gwiwa da idon sawu. Ga wasan ƙarfe huɗu na yamma a zafin Maris da Afrilu. Kuma rauni a wannan shekaru ba ya warkewa yadda yake warkewa a ashirin da biyar. Tsoka guda ta tsinke, kakar ta tafi, wataƙila da sana'ar gaba ɗaya.

Ko a batun shugabanci ma akwai tabo. A wasannin cike gurbin zakara da aka yi a Agege a Yunin 2019, bayan wasa da Enugu Rangers, ya tunkari alƙalin wasa, magoya baya suka kutsa fili, hukumar gasar ta yanke masa dakatarwar wasa 12. Kyaftin da dubban mutane ke kallon fuskarsa don su san ko za su yi fushi, ba shi da damar sakin zuciya irin wannan. Na kawo shi ne don awo ya cika, ba don in rage masa daraja ba.

Sai ƙorafin da ya fi kowanne ƙarfi, wato na masu cewa ya tare wa yara hanya. Da gaskiyarsu ta wani gefe: duk mintin da ya buga, minti ne da wani yaro bai buga ba, kuma a fili ake koyon riƙe tsakiya, ba a benci ba. Amma ina so mu tambayi kanmu tsakani da Allah: wane yaro ne ya zo ya ƙwace gurbin aka hana shi? Kociyoyi nawa suka zo suka tafi, 'yan Arewa da 'yan Kudu har da Bature, kowanne yana tsoron kora idan ya yi rashin nasara uku a jere, kuma kowanne ya waiwaya benci ya dawo ya rubuta sunan Rabi'u? Ba duka ne suka yi haka don tsoron magoya baya ba. Idan jiha mai yawan jama'a irin Kano, wadda kowane fili a Dala da Fagge da Gwale da Kurna yake cike da yara kowace yamma, ta kasa fitar da mai lamba 10 guda da zai zaunar da ɗan shekara 45, to matsalar ba ta wurin dattijon take ba. Tana wurin waɗanda aikinsu ne su nemo yaran, su raine su, su riƙe su. Yaro mai hazaƙa a nan yakan yi kaka ɗaya ko biyu, dillali ya yi masa hanyar wata ƙasa, sau da yawa ƙaramar ƙungiya a ƙaramar gasa, ƙungiyar ta koma neman wani daga farko. Daɗewar Rabi'u abin yabo ne gare shi, amma tuhuma ce ga tsarin renon 'yan wasanmu.

Mutane suna yawan kawo misalin waje, kuma yana da kyau a kawo shi daidai. Roger Milla na Kamaru ya ci Rasha a Gasar Kofin Duniya ta 1994 yana da shekara 42, amma daga benci ya shigo. Ko a 1990 da ya girgiza duniya da ƙwallaye huɗu, daga benci yake tasowa. Essam El-Hadary na Masar ya tare fenareti a wasa da Saudiyya a 2018 yana da 45, amma shi mai tsaron raga ne, aikin da ba ya neman zirga-zirga. Ryan Giggs ya kai 40 a Manchester United, sai dai a kakarsa ta ƙarshe, 2013/2014, ɗan wasa ne kuma mataimakin koci a lokaci guda, wato an riga an shimfiɗa masa inda zai sa ƙafa. Darasin da ke cikin waɗannan duka ɗaya ne: an san motar da aka ɗora injin a kai. Misalin da nake jin tsoro shi ne na Francesco Totti a Roma, wanda shekarunsa biyu na ƙarshe suka zama rigima tsakaninsa da koci Luciano Spalletti, gari ya rabu biyu, har ya yi ban kwana a 2017 cikin hawaye da ɗacin rai. Abin da ya jawo haka shi ne ba a zauna da wuri an yi magana ta gaskiya ba.

Hukuncina ke nan: Rabi'u Ali yana da sauran amfani a fili, amma ba amfanin minti 90 sau 38 ba. Tun da aka tabbatar da dokar canjin 'yan wasa biyar a 2022, koci ya sami sararin da babu shi a da. A fara da shi a wasannin gida da ake buƙatar mai buɗe ƙofa, a cire shi bayan awa guda. A wasu wasannin a ajiye shi sai saura minti 30, lokacin da ƙafafun abokan hamayya suka yi nauyi, wasa ya koma na lissafi. Doguwar tafiyar tsakiyar mako kuma a ɗauke masa ita. Kuma a zaɓi yara biyu, a faɗi sunansu, a ce waɗannan ne magada, su riƙa atisaye a gefensa, su tsaya da shi bayan kowa ya watse suna koyon bugun tazara. Wannan ba rage masa girma ba ne. Amma dole a gaya masa baki da baki, a ɗaki, kafin kaka ta fara, kada ya tsinci labarin a takardar sunayen da aka liƙa ranar wasa. Su ma magoya baya da aikinsu: ranar da allon canji ya ɗaga da lambarsa, a miƙe a tafa masa, kada a jefi koci da robar ruwa, kada a yi wa yaron da ya shigo ihu.

Na ce zan dawo kan cewa mutum ba ƙarfe ba ne. A Ƙofar Ruwa, injin da ya gama aiki ana kwance abin da zai moru a jikinsa, sauran a ɗora a sikeli 'yan gwangwan su saya da kilo. Abin baƙin ciki shi ne kusan haka muke yi wa 'yan ƙwallonmu. Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a Gasar Kofin Duniya a 1994, wanda ya dawo gasar gida ya buga wa Gateway a 2005 yana da shekara 41, ya rasu a Mayun 2012 bayan shekaru na kaɗaici a Ibadan. Wannan wanda duniya ta sani ke nan. Waɗanda suka ƙare rayuwarsu a gasar gida, ba su taɓa karɓar albashin Turai ba, labarinsu ba ya ma kaiwa jarida. Ɗan wasan lig ɗinmu ba shi da fansho. Kuma sana'ar tana da haɗarin da ya wuce na fili: a Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suna tafiya Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni, ciki har da Gambo Muhammad. Mutumin da ya yi shekaru yana bin waɗannan hanyoyi da sunan Kano a ƙirjinsa, bai kamata ya wayi gari wata rana ya ji a rediyo cewa ba ya cikin jerin waɗanda aka yi wa rajista ba.

Shi ya sa maganar makomarsa ta fi maganar mintocinsa muhimmanci a wurina. Idan koci yake so ya zama, lasisin CAF mataki-mataki ne, kuma yana cin lokaci; yanzu ya kamata a biya masa ya fara, yana kan wasa, ba sai ya ajiye takalmi ba. Ba kowane gwanin ɗan wasa ne ke zama gwanin koci ba, wannan gaskiya ne, don haka a gwada shi a ƙaramar ƙungiyar Pillars tukuna, inda kuskure ba ya jawo faɗuwa daga gasa. Idan kuma ba koci ba, ga aikin farautar yara a unguwanni da ƙananan hukumomi 44 na jihar nan. Wane uba ne a Kano Rabi'u Pele zai yi wa sallama ya ce yana son ɗansa, ya ƙi saurarensa?

Kuma an yi sa'a a wannan karon. Tun Yulin 2025 gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar. Shi ya ci ƙwallo 18 a rigar Pillars a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Holan, ya ga yadda ake sallamar manyan 'yan wasa a Rasha da Ingila, ya kuma zauna a ɗakin canza kaya ɗaya da Rabi'u. Babu wanda ya fi shi cancantar ya ja kujera ya zauna da yayansa su yi wannan magana.

Ahmed Musa, ga roƙona. Ku zauna da shi kafin a buɗe rajistar kaka mai zuwa. Ku rubuta aikinsa na fili da aikinsa na bayan fili a takarda ɗaya, da sa hannun hukumar wasanni ta jiha, yadda canjin shugabanci ba zai shafe ta ba. Ku bar shi ya zaɓi ranar da zai ajiye takalmi da kansa, ku sanar da ita da wuri, a yi wasan ban kwana a filin Sani Abacha, kuɗin ƙofa na ranar ya zama nasa. Mu 'yan Ƙofar Ruwa za mu rufe shaguna da wuri mu zo, kuma za mu sayi tikiti.